Nomau da Tallar Filin Jirgin Tudun Ɗinya

A bayan shingen filin jirgin sama na Tudun Ɗinya akwai wasu ɗakunan ma'aikata masu rufin kwano. A na ƙarshensu Nomau yake zaune, shi da matarsa Tabawa, da mahaifiyarsa Inna Yalwa, da wata jar akuya. Gonar ubansa tana nan ƙarƙashin kwaltar da jirgi yake sauka a kai. Da aka karɓi gonar, sai aka ba shi tsintsiya da lauje da ɗakin nan, aka ce muddin fili yana aiki, shi ma yana aiki. Nomau ƙaƙƙarfa ne, mai gaskiya, ba ya gajiya. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari, ba ragi. Tabawa takan ce, "Wanda zai aiki maigidana, ya tauna maganarsa tukuna."

Ni tsohon malamin makaranta ne. An sa ni cikin kwamitin tallata filin don a ce akwai mai furfura. Abin da na gani da idona zan faɗa, inda kuma aka ba ni labari zan ce an ba ni. Haka aka koya mana a makarantar mishan, kuma waɗanda suka koya mana duk sun riga mu gidan gaskiya.

Jirgi ɗaya ne ƙarami yake zuwa mana, Talata da Asabar, ya sauke 'yan tsiraru, ya kwashi waɗanda ba su kai su ba. Sai kamfanin da ke da jirgin ya ce idan damina ta wuce ba a ga canji ba, zai janye abinsa. In jirgi ya daina zuwa, a rufe fili. In an rufe fili, a karɓi makullan ɗakuna. Manajan filin, Malam Sidi, ya rame har agogo yana yawo a hannunsa. Inna Yalwa kuwa cewa ta yi, "Gona ta tafi, ɗaki zai bi ta. Sai mu koma ina, kan bishiya?"

Wata rana aka kawo takardun talla daga birni, masu hoton jirgi yana keta gajimare. Malam Sidi ya miƙa wa Nomau ɗauri guda da bokitin gam, ya ce, "Gobe kasuwa. Ka tsaya a bakin hanya, duk abin da ya nufi kasuwa ka liƙa masa." Shi motoci yake nufi. Nomau ya liƙa wa motoci. Ya liƙa wa baro da amalanke. Ya liƙa wa jakin mai itace, da bijimai, da ƙwaryar wata mai nono. Can sai ga Sarkin Pawa ya taho cikin sabuwar babbar riga.

"Baba, ina zuwa?"

"Kasuwa, ɗana."

"To, juya."

Dattijon ya juya yana zaton wani abu ne ya hau masa baya. Ya yini yana zaga rumfuna da jirgin sama tsakanin kafaɗunsa, ana binsa da dariya, sai da la'asar wani ya ji tausayinsa ya gaya masa. Malam Sidi da kansa ya je ba da haƙuri. Gari duka ya san da filin jirgi ranar nan, amma ko tikiti ɗaya ba a saya ba.

Wata rana Malam Sidi ya sake dabara. Ya ce, "Matafiyi ba ya ɓuya. Duk wanda ka gani da jaka a kafaɗa, ka bi shi da lalama, kada ka rabu da shi sai ya zo ya ga filin nan da idonsa." Mutum na farko da Nomau ya haɗu da shi Barmo wanzami ne, rataye da zabirarsa.

"Barmo, zo ka ga filin jirgi."

"Sauri nake, askin suna zan je."

"Ba komai, ina jira."

Ya bi shi gidan suna, ya zauna a zaure, aka ba shi waina ya ci. Ya bi shi inda ya yi wa wani tsoho ƙaho. An ba ni labari har ƙofar bayan gida ya tsaya masa, yana cewa a hankali, "In ka fito dai, sai mu je." Da rana ta yi sanyi Barmo ya gaji, ya taho filin yana huci, ya tsaya ya duba gabas, ya duba yamma.

"Na gani. Kwalta ce da ciyawa. In tafi?"

Kafin ya juya sai ya lura da kawunan masu gadi, duk sun yi buzu-buzu. Ya shimfiɗa buzunsa gindin darbejiya ya aske su tas. Har yau yana zuwa duk Asabar. A iya sanina, shi kaɗai ya ci ribar wannan dabara.

Wata rana kwamiti ya zauna ya tsara kirari mai daɗi: "Filin jirgi naku ne, ku yi amfani da shi." Aka ba Nomau lasifika ya zaga unguwanni yana shela. Mutane suka riƙa tare shi.

"Nomau, namu ne da gaske?"

"Yallaɓai ya ce naku ne."

"Har kwaltar?"

"Bai cire komai ba."

Ranar Asabar da safe ya buɗe musu ƙaramar ƙofar baya. Kafin hantsi mata sun shanya wanki a kan kwalta tun daga wannan kai har wancan, samari sun kafa duwatsu suna ƙwallo, wani tela yana koyon babur. Jirgi ya iso ya yi ta kewaya sama kamar shirwa ta hango 'yan tsaki. Na ga Malam Sidi, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba, yana gudu da hula a hannu, yana kwasar zannuwan matan mutane. Allah ya tsare, aka share hanya, jirgi ya sauka lafiya. Amma labari ya kai kunnen kamfani, kuma bai yi mana kyau ba. Malam Sidi ya ɗaga hannu zai kori Nomau, sai ya dubi kwaltar, ya tuna gonar wa ce, ya sauke.

Wata rana aka ɗauko mai hoto don a nuna wa duniya cewa filinmu yana da jama'a. Malam Sidi ya ce, "Ka cika mini kujerun ɗakin jira. Kada in shigo in ga ko ɗaya wofi." Nomau ya kwaso maƙwabta, ya kwaso Tabawa, suka ƙare, kujeru ba su ƙare ba. Ya ɗora tulu a ɗaya, turmi a ɗaya, ya ɗaure jar akuya a ta gaba. Mai hoto ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Inna Yalwa ta ji an ce wanda ya zauna a kujerun nan jirgi yake shiga, saboda haka ta bi gida-gida ta nemi gafarar maƙwabta, ta ɗaura zanenta na sallah, ta zo ta zauna da ɗan ƙunshinta a cinya. Da aka gama aka ce kowa ya tashi, ta dube ni ta ce, "Malam, yaron nan ya ce in zauna. Ashe ba tafiya?" Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Na ce mata ba yau ba. Ta ce, "To, Allah ya kai mu," ta kwance akuyarta suka fita.

Damina ta ja jiki, kamfani ya aiko wata mata, Hajiya Balaraba, ta zo ta duba ta yanke magana. Ta sauka Talata, za ta koma Asabar. Muka kai ta sabon otal, muka kai ta dutsen da muke fata baƙi za su riƙa zuwa kallo, muka yi mata jawabai. Ta saurara da ladabi. Ranar Juma'a ta ce wa Malam Sidi a gabana, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. Kujerun jirgi ba sa ƙarya. Ka fara shirya wa ma'aikatanka zuciya."

To, wata rana a cikin kwanakin nan, Laraba ce, Malam Sidi ya so ya nisanta Nomau daga idon baƙuwa. Ya miƙa masa wani ɗan kwando ya ce, "Je ka haɗo mata tsaraba. Za a ce mata garin Tudun Ɗinya ne ya ba ta. Kada in gan ka sai Asabar." An ba ni labari Nomau ya koma gida ya zauna yana kallon kwandon.

Tabawa ta ce, "Maigida, lafiya?"

"An ce gari ne zai ba ta. In na karɓo wurin mutum ɗaya na ce gari ne, ai na yi ƙarya."

"Ni dai ba ruwana. Ka sha kunu kafin ka fita."

Ya sha kunu ya fita. Ya bi gari ƙofa-ƙofa, ya bi ƙauyukan da ke kewaye, yana sallama yana cewa, "Baƙuwa za ta tafi Asabar, an ce gari ne zai yi mata tsaraba. Kai kana cikin gari?" Ba wanda ya ce ba ya ciki. Ga kuma al'adarmu a nan: ba a ba da tsaraba a hannun ɗan aike. Mai abu shi yake ɗaukar abinsa ya dire a gaban baƙo, kuma ba wanda yake yarda a ga nasa ya gaza na maƙwabcinsa.

Asabar da hantsi muna tsaye muna sallama da Hajiya, sai muka ji hayaniya daga bakin ƙofa. Mutane ne, layi har inda ido ya ƙare. Buhunan ɗanyar citta, kwandunan attarugu da tumatir, gwaiba, fiya, zuma a galan-galan, wasu a ka, wasu a baro. Nomau yana gaba. Kowa ya zo ya dire, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ga ɗan abin hanya, ba yawa." Ɗakin jira ya cika, aka koma jerawa a waje. Malam Sidi ya jingina da bango ya rufe ido, na ji yana salati.

Hajiya Balaraba ta bi kayan da kallo. Kyauta ce, ba a mayarwa, kuma ba ta ɗaukuwa. Ta sunkuya ta ɗauki attarugu ɗaya ta juya shi, sannan ta dubi tsohuwar da ta kawo.

"Mama, ina kuke kai wannan?"

"Kudu, 'yata, a mota. Kafin ya isa rabi ya ruɓe. Wanda ya rayu shi ake saya, sauran kuwa mun noma wa ƙudaje."

"Kullum akwai kamar haka?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Wannan? Ai wannan tsaraba ce. Ki zo ranar ɗiba ki gani."

Hajiya ta sa aka kira matuƙin jirgin, ta ce, "In za ka koma, me kake ɗauka a wurin kaya?"

"Iska, Hajiya."

Ta juya wajen Malam Sidi. "Kwana nawa kuna nuna mini dutse. Me ya hana ku nuna mini wannan?"

Ta koma gefe ta daɗe tana waya. Da ta dawo ta ce a auna abin da jirgi zai iya ɗauka a loda, sauran a ajiye a inuwa, Talata zai dawo ya kwasa. Ta ce za a cire kujerun baya a ƙara wurin kaya, a gwada har shekara ta zagayo, masu gona su zaɓi wanda zai riƙa magana da kamfani. Maganar janye jirgi kuwa, ta ce a bar ta tukuna.

Na daɗe a duniya, na ga an rufe abubuwa da yawa a garin nan: tashar jirgin ƙasa, gidan waya, makarantar da na yi karatu. Ban saba ganin abin da aka ɗaga wa wuƙa ya tashi ba. Da jirgin ya ɗaga yana nishi, ƙamshin citta ya cika filin, sai na nemi buhu na zauna.

Malam Sidi ya taka da kansa har ƙofar ɗakin ƙarshe, ya yi sallama, ya ce, "Inna, ba mai karɓar makullinku." Inna Yalwa ta yi hamdala, ta share ido da bakin zane, sannan ta ce tunda haka ne a duba musu rufin, yana yoyo. Yana juyowa sai ga Nomau tsaye a bayansa, kai a sunkuye, yana jiran faɗa kamar kullum. Malam Sidi ya kama kafaɗarsa.

"Nomau, yau kam faɗi abin da ke bakinka."

Nomau ya miƙa masa abin da ke hannunsa.

"Ga kwandonka, Yallaɓai. Bai isa ba."