Rasuwar Lamba Bakwai, Mai Riƙon Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana shi zuwa majalisa yau kwana tara, Malam Abdulkabir na wani ƙauye a gefen Bici yana sanar da rasuwar Lamba Bakwai, 'yar na'urar da ke ɗaure a jikin ɗorawar gonarsa.

Marigayiyar ba ta fi tafin hannu ba, amma ita ke riƙe da agogon 'yan'uwanta goma sha ɗaya, waɗanda malamin gona Kamaruddeen ya kakkafa a gonakin rani don auna laimar ƙasa. Saboda tattalin batir, duk barci suke yi. Kowace awa sai su farka tare a kan agogonta, ta ce ƙit, kowacce ta miƙo labarin gonarta, ita kuma ta tura wa wayar mai gonar, su koma barci. Shekara biyu ba ta taɓa makara ba, abin da ladanin unguwa ma ba zai rantse a kai ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne ranar sunan jikan Malam. Ana shirin addu'a batirin makirufo ya mutu, sai Malam ya zaga gona ya ciro nata. Aron awa ɗaya ne, in ji zuciyarsa, ai barci take yi. Bayan la'asar ya mayar, ashe agogonta ya rikice. In ta farka 'yan'uwa na barci, in sun farka ba ta nan. Sai ta daina barcin ɗungurungum, tana ta kira, ƙit, ƙit, ƙit, ba mai amsawa. Kwana huɗu Malam yana wucewa yana jin ta, yana sunkuyar da kai. Ya san kalma ɗaya ga Kamaruddeen ta isa a ceto ta, amma haba, dattijo da furfurarsa ya ce shi ya zare batir? Ranar Laraba ta yi shiru.

Ta bar 'yan'uwa goma sha ɗaya, kowacce da nata lokacin, suna ƙona batir wajen nemanta. Ta bar Inna Asama'u mai ciwon ƙafa, wadda ta zauna jiran saƙon waya har irin albasarta ya bushe ƙamas. Ta kuma bar akuyar maƙwabcinsa Abdulbasit, da Malam ya ce ita ta tunkuyi na'urar, aka ɗaure ta kwana uku. Akuyar ba ta yi komai ba. Malam ne, kuma yana jin kunya ƙwarai.

Za a binne marigayiyar gobe da hantsi a gindin ɗorawar, cikin gwangwanin madara. Babu zaman makoki. Mai son yin ta'aziyya zai sami Malam a gonar Inna Asama'u da bokiti biyu, yana ba sabon irin da ya shuka mata ruwa. Ana roƙon a gaishe shi a wuce, ba sai an tambaye shi yaya aka yi ba.