Intanet ɗin Dubai na Injiniya Tasi'u

Wani mutum ne a layinmu, Tasi'u, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya ba tare da ya wahalar da kowace makaranta ba. A majalisa kullum zancensa ɗaya: intanet ɗin gidansa daga Dubai aka jawo masa, ta ƙarƙashin teku. Matarsa Asabe ma haka ya gaya mata.

Gaskiyar maganar ba ta kai Dubai nisa ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Malam Haladu, tsohon hedimasta. Ranar da aka kawo wa Malam akwatin waifai, Tasi'u ne ya saita masa, ya kuma tafi gida da lambar sirrin a kansa. Tun daga nan gida biyu ke shan rijiya ɗaya, mai rijiyar bai sani ba.

Ana nan sai sabis ɗin Malam ya koma tafiyar hawainiya. Wayarsa ta kama sabunta kanta tun hantsi, har la'asar tana juyi wuri ɗaya. Ya ce gobe zai kira 'yan kamfani su duba ko wani ne ke jan layin.

Labari ya kai kunnen Tasi'u. In suka zo, asiri ya tonu. Sai ga shi a zauren Malam, 'yan majalisa na biye.

"Haba Malam, ina raye za ka kira yaran kamfani? Ɓarawo ne ya hau layinka. Mutane ba tsoron Allah."

"Haka ake faɗa," in ji Malam.

Dabararsa mai sauƙi ce: ya sauya lambar, sabis ya gyaru a gaban shaidu, in ƙura ta lafa ya sake jona gidansa. Ya buɗe saitin, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ya danna.

"Shi ke nan. Na datse shi. Duk inda yake, yanzu zai yi kuka da bakinsa."

Bai rufe baki ba aka ji muryar Asabe ta kan katanga, tana kiran matar Malam.

"Maman Zulai, naku yana yi kuwa? Namu na Dubai ya ɗauke yanzun nan, ina tsakiyar kallo."

Tasi'u ya ce ai teku ce, wani lokaci kifi kan taɓa wayar.

Malam ya gyaɗa kai. "Allah Sarki. Injiniya, ɗan mayar mana da tsohuwar lambar mu gani."

Ba yadda ya iya. Ya mayar.

"Yauwa, ya dawo," in ji katanga.

Malam ya miƙa hannu a hankali ya zare filogin akwatin daga soket.

"Af. Ya sake ɗaukewa."

Ya mayar. Aka jira fitilun akwatin suka kama.

"Ya dawo."

Malam Haladu ya cire tabarau, ya goge, ya dubi soket ɗin da girmamawa.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa, ban taɓa sanin makunnin Dubai a zaurena yake ba."