Yadda Za Ka Karya Farashin Agogon Manya, Daga Bakin Wanda Ya Gwada

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari za ka shiga shagon agogo mafi tsada a garinku ka fito da agogo a hannu. Ba alkawarin ɗan siyasa nake yi maka ba, abin da na gwada da kaina ne.

Kafin ka ce wane ne wannan, ni kafinta ne. Shekara ashirin da shida ina sayen katako da soso da ƙusa, kuma ban taɓa biyan kuɗin da aka fara faɗa mini ba. A gidanmu Rage-Min ake kirana, har yaran da aka haifa jiya. Akwai wani mai katako da in ya hango ni tafe sai ya shige bayan rumfa, ya ce wa maƙwabcinsa a gaya mini ya tafi asibiti. To ka ga ba da ƙaramin mutum kake magana ba.

Mataki na 1: Ka so agogon, amma a ɓoye

So abu ne mai tsada. Duk wanda ya bari aka gan shi a fuskarsa, shi zai biya kuɗinsa. Saboda haka ka zaɓi agogonka tun daga waje, ta gilashi, kana yi kamar wucewa kake.

Nawa yana wani shago a kan hanyar rumfata, shi ne agogo na uku daga hagu a cikin gilashi. Fari ne kamar azurfa, siriri, fuskarsa shuɗiya mai duhu, babu hayaniya a jikinsa ko kaɗan. Shekara biyu ina tsayawa a gabansa kowace safiya, ina duƙawa kamar mai gyara igiyar takalmi, alhali silifas ne a ƙafata. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Mutumin da aka sani da kushe kaya ba ya zuwa gida ya ce wani ƙarfe ya hana shi sukuni.

Mataki na 2: Ka samo wanda zai biya

Wannan matakin yana ɗan cin lokaci. Ni shekara ashirin da biyar ya ɗauke ni.

Autanmu yana da shekara bakwai mahaifinmu ya rasu, ya dawo hannuna. Daga garin katakon nan ya yi firamare, ya yi sakandare, ya yi jami'a. Yanzu injiniya ne a wani kamfani, yana da mota mai sanyi da kujera mai juyawa wadda ba ni na haɗa ba. Aibinsa ɗaya: bai iya ciniki ba, don tun yana yaro ni nake saya masa komai. Abin da aka rubuta a jikin kaya shi yake biya, kamar wanda alƙali ya ci tara.

Wata Asabar ya zo rumfata ya ce, "Yaya, wanke hannu, za ka raka ni wani wuri." Da motar ta tsaya, sai na ga a ƙofar shagon nan ne, shi dai wanda nake gyara silifas a gabansa.

Ya ce, "Ka zaɓi duk wanda ya yi maka. Don Allah yau ban da gardama."

Daɗi ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da aka haifi 'yata ta fari. Na dube shi na ce, "Ɓarnar kuɗi dai ba ta yi muku wuya, ku yaran yanzu." Ka lura da wannan amsar, ita ce amsar gwani.

Mataki na 3: Ka shiga da fuskar shanu

Kada ka yi murmushi. Kada ka kalli fitilu, ko da sun fi na asibiti yawa. Ka taka kafet ɗinsu kamar kana da irinsa a banɗaki.

Za su kawo maka shayi a wani ɗan kofi. Kada ka sha, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni na sha biyu, amma don in gwada ingancinsa ne.

Ma'aikaciyar shagon wata mace ce mai natsuwa, sanye da farar safar hannu. Da na sunkuya a kan gilashin, garin katako ya zubo daga kaina. Ta ɗauko ɗan ƙyalle ta goge. Na sake sunkuyawa, ta sake gogewa. A nan na gane na haɗu da abokiyar karawa.

Mataki na 4: Ka kushe wanda kake so

Nan ne zuciyar aikin, ka buɗe kunne. Ka sa a fito maka da huɗu ko biyar, naka ya zo a ƙarshe kamar bisa kuskure.

Da ta ɗaura mini shuɗin nan, sai na ji sanyinsa ya kwanta a fatata, ya zauna ɗas kamar da ni aka auna. Ni da na san aikin hannu, na ga yadda aka goge gefensa, babu inda farce zai kama. Sai na fara aiki.

Na ce, "Wannan ai ba shi da nauyi. An sa masa inji kuwa a ciki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, da hannu aka haɗa shi. Mutum ɗaya ne ya yi wata huɗu a kansa."

Na ce, "Wata huɗu? Ai ni a wata huɗu na haɗa kujerun makaranta guda. Ragon ma'aikaci kuka samu. Ga launin ma kamar bokitin wanki. Ko lambobi babu, sai mutum ya yi ta canke ko azahar ta yi."

Auta ya matso ya ce a hankali, "Bai yi maka ba, Yaya?"

Na ɗaga murya yadda har mai gadi zai ji: "Wannan? Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara." Sannan na kashe masa ido, alamar ya kwantar da hankalinsa, babba na kan aiki. Yaron nan ya zaro hankici ya miƙo mini, wai garin katako ya faɗa mini a ido.

Mataki na 5: Ka yabi wanda ba ka so

Hikimar ita ce mai kaya ya zaci hankalinka yana can, sai ya saki farashin wannan. Da wannan dabarar na sha sayen katako mai kyau a kuɗin ruɓaɓɓe.

Ka nemi mafi muni a shagon. Ban sha wahalar nema ba. Yana can a tsakiya shi kaɗai, faɗinsa ya kai murfin kwalbar man shafawa, ruwan zinariya, fuskarsa koriya shar, an zagaye shi da duwatsu masu ƙyalli. A cikinsa akwai wasu ƙananan agogo guda uku, kowanne yana harkar gabansa. Da aka ɗaura mini sai da kafaɗata ta karkace.

Na buɗe baki na ce, "Masha Allah! Yanzu na ga agogo. Masha Allah! Dubi aiki, dubi haƙuri. Wanda ya yi wannan bai yi wasa da lokacinsa ba, ya ba marar ɗa kunya. Duk wanda ya rene shi ya ji daɗi. Masha Allah!"

Na san na ɗan zarce. Abin da ya faru shi ne yabon da na tara wa shuɗin shekara biyu ne ya sami ƙofa, ya kwararo a kan koren. Na ga Auta ya tsaya yana kallona, baki a ɗan buɗe. Na ce a raina yaro yana ɗaukar darasi.

Mataki na 6: Ka taya kamar mai yin taimako

Na cire koren ina nuna kamar ina jin zafin rabuwa da shi, na nuna shuɗin da leɓe. Na ce, "Wancan da ya ƙi sayuwa, in za ku rabu da shi a kashi ɗaya cikin uku, sai in rage muku kaya. Ina da maƙwabci da ba ya gani sosai."

Ta yi murmushi ta ce, "Ranka ya daɗe, farashinmu ɗaya ne."

Kada wannan ya karya maka gwiwa, kowa haka yake cewa da farko. Ka ce a kira manaja. Manajan ya zo, ya faɗi abin da ta faɗa, sai dai shi da kwat. Na ce to a cire kwalin a rage kuɗinsa. Ya ce kwalin kyauta ne. Na ce to tunda nawa ne, na sayar musu. Ya dubi ma'aikaciyar, ita kuma ta dubi ƙyallenta.

Mataki na 7: Ka yi tafiyar ƙarya

Wannan shi ne makami na ƙarshe, bai taɓa ba ni kunya ba. Ka miƙe, ka kaɗe riga, ka ce "Allah ya kawo kasuwa," ka nufi ƙofa. Doka ɗaya ce: ba a waiwaye.

Sai dai ka fara binciken ƙofar tukuna. Tasu ba ta buɗuwa sai mai gadi ya danna wani abu a ƙarƙashin teburinsa. Na tura, ta ƙi. Na ja, ta ƙi. Na sa kafaɗa. Mai gadin ya ce, "Yi haƙuri Baba, sai na danna." Fushin da ya tsaya jiran a danna masa ƙofa ya riga ya huce rabi, amma na tattara ragowar na fita da shi.

A wurin masu katako, taku bakwai nake yi a kira ni. Na yi bakwai, shiru. Na yi ashirin ina rage sauri. Na yi arba'in, har na kai kwanar titi, na tsaya a gindin turken lantarki na juya wa shagon baya. Rana ta buɗe sosai. Wata mai tallan lemo ta tambaye ni ko na ɓata ne. Na yi kusan minti ashirin a wurin, ban san daidai ba, tunda ba ni da agogo.

Can sai na ji hon. Auta ne, ga wata 'yar jaka mai hannun igiya a kan kujerar gaba. Na ce alhamdu lillahi, sun sallama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Mataki na 8: Ka buɗe kwalin a zaune

Na buɗe. Koren ne. Ƙananan agogon nan uku suna kallona.

Da ƙyar na ce, "Nawa suka rage?"

Ya ce, "Ban tambaya ba."

Yana tuƙi yana murmushi, irin murmushin da rabona da gani tun yana ɗan firamare. Ya ce, "Yaya, tunda nake da kai ban taɓa jin ka yabi wani abu ba. Ranar da na zo na ɗaya, cewa ka yi 'yan ajin ne ba su da ƙoƙari. Ranar da na sami aiki, ka ce ofishin ya yi nisa. Yau da kunnena na ji ka ce Masha Allah har sau uku. Na ce wallahi ko nawa ne sai ka tafi da shi gida."

Ba ƙorafi yake yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Murna yake yi tsakaninsa da Allah, idonsa har ya kawo ruwa. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don ban taɓa sanin yaron nan yana riƙe da waɗannan maganganu ba. A tunanina yabo yana tayar da farashi, shi ya sa na rene shi yadda nake sayen katako.

Rasit ɗin yana cikin jakar, an rubuta ana iya canji cikin kwana bakwai. Kalma biyar kawai zan faɗa mu juya. Shuɗin yana can, bai fi tafiyar minti uku ba. Da muka tsaya a danja, Auta ya ɗauki koren ya kamo hannuna, yana ta fama da maɗaurin. Na ninke rasit ɗin na tura a aljihu.

Na ce, "Agogon ya yi kyau, Auta." Na sake tattaro ƙarfi, don bakin bai saba ba. "Wanda ya saya ɗin ma... ba laifi."

Iyakar abin da ya iya fita ke nan. Amma sai da yaron nan ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Ni dai na yi ta kallon taga, ina cewa masu gyaran titin nan ba su iya aiki ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin ciwon kafaɗa, ko yagewar hannun riga, ko dariyar da matarka za ta yi har ta zauna a ƙasa. Ba shi da alhakin abokan aikin da za su riƙa tambayarka ƙarfe nawa sau goma a wuni don su ga kana lalube. Na ce za ka fito da agogo, ban ce wanne ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kada wanda ya zo mini rumfa da ƙorafi.

Kada kuma wanda ya zo da niyyar taya wanda ke hannuna. Wani dillali ya gwada a makon jiya, da kuɗi mai kyau ma, na ce masa albarka tun bai rufe baki ba.