Ranar da Na Tuƙa Tuwon Italiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Camberwell, wata unguwa a Landan, ba, ranar da na ɗaga murfin tukunya a gaban mutanen da nake neman auren 'yarsu. Yau kaina ya yi furfura, har da jikoki, amma idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A shekarun nan ne da kuɗin fetur ya faɗo wa ƙasarmu, gwamnati na ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje. Ina ƙaramin ma'aikaci a Kaduna aka ce in haɗa kayana, Landan zan tafi ƙaro ilimin safiyo, wato awon ƙasa. Na kama ɗaki ciki da falo a saman gidan wata tsohuwa 'yar Italiya, Madam Roza, wadda ta daɗe a Ingila amma har lokacin rabin maganarta da hannu take yi. Alawus ɗinmu mai kauri ne, kowa kuma da inda nasa yake tafiya. Abokaina suna sayen rediyo mai kaset da takalmi mai tudu. Ni kuwa wata tukunyar lantarki na sayo, sabuwar yayi, wadda mai kantin ya ce a hankali take dahuwa: ka zuba komai da safe, ka fita harkarka, da yamma ka dawo ka tarar da abinci. Na kawo ta na ɗora a kan kabad. Ko sau ɗaya ban kunna ta ba. (Gaskiyar magana, iyakar girkina a lokacin shayi ne da ƙwai, sai dafa-dukar shinkafa da wake wadda wata rana takan yi, wata rana ta ƙi.)

A wajen cin abincin sallah na ɗalibai na haɗu da Safiya, 'yar Zariya, tana koyon aikin jinya a babban asibitin unguwarmu. Magana ta yi nisa tsakaninmu. To ka san saurayi da baki. Wata rana muna jiran bas ta ce ta gaji da dankalin asibiti, sai kawai na ji kaina ina cewa, "Ai ni abincin Italiya nake yi a gida. Miyar namansu ta taliya, ba na jin akwai wanda ya fi ni a cikin 'yan Najeriyar garin nan." Ta dube ni ta ce, "Allah?" Na ce, "Ke dai bari." Abin da na sani game da miyar bai wuce ƙamshinta da ke hawowa sama daga kicin ɗin Madam Roza kowace Lahadi ba.

Safiya tana da kawu a unguwar Barking, Alhaji Isa, babban ma'aikaci ne da aka turo sayen injinan gwamnati. Shi ne uba a gare ta a can. Na je na gaishe shi, na durƙusa, na faɗi asalina. Mutum ne mai ƙarancin magana, carbi ba ya barin hannunsa. Da zan tafi ya ce, "Kafin in aika wa mahaifinta da wata magana, ina so in ga inda kake zaune da yadda kake zaune. Ƙasar nan tana lalata yara. Asabar za mu zo da Hajiya." Sai Safiya ta leƙo daga bayan ƙofa ta ce, "Kawu, ya iya abincin Italiya fa." Alhaji ya ce, "To madalla. Sai mu zo da yunwarmu."

Washegari na sauka wajen Madam Roza na faɗa mata halin da nake ciki. Ta yi murna ƙwarai. Da na nuna mata tukunyar ta taɓe baki, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, sannan ta ce ba laifi, ai miyar ba ta son gaggawa, mahaifiyarta ma wuni guda take barinta a kan 'yar ƙaramar wuta. Ta fara lissafo mini: niƙaƙƙen naman sa, a soya shi har ya yi ja. Albasa da karas da wani ganye mai dogon kara da suke kira seleri, a yanka ƙanana, a soya da tafarnuwa. Tumatirin gwangwani, gishiri, kofi guda na jar giya. A juye duka a tukunya, a rufe. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Kada ka buɗe! Ka buɗe, zafin ya gudu."

Da ta ambaci giya ban ce komai ba, na gyaɗa kai kawai, don ina jin nauyin tsayar da ita. Amma da ta ce, "To, ita kuma taliyar..." sai na katse ta. Na ce, "Madam, taliya ai tun muna yara muke cinta. Wannan ki bar mini." Ta ɗaga kafaɗa ta ƙyale ni. (Inda ya kamata in yi magana na yi shiru, inda ya kamata in yi shiru na yi magana.)

Asabar da safe na tashi da ƙarfina. Naman tun Juma'a na sayo wajen wani mahauci Musulmi a Old Kent Road. Na soya, ya yi ja yadda ta ce. Albasa ta yi laushi, ƙamshi ya cika ɗaki, har na fara jin cewa ashe ba ƙarya na yi wa Safiya ba, na dai faɗi labarin ne kafin lokacinsa. Na juye komai a tukunya. A nan ne basira ta zo mini har sau biyu.

Ta farko a kan giya. Ba zan sa ba, wannan babu tantama. Amma na ce tunda ja ce kuma daga 'ya'yan itace take, ai kowane jan ruwan 'ya'yan itace zai maye gurbinta. Ina da kwalbar wani abin sha mai kauri, launin zoɓo, wanda Turawa ke sirkawa da ruwa su ba yara. Ban sirka ba. Na cika kofi na zuba, na ga kamar bai isa ba, na ƙara rabi.

Ta biyu a kan taliya. Na tsaya na yi tunani: me zai sa in zo ina fama da wata tukunyar a gaban baƙi, alhali ga wadda aka ce tana dafa komai? Ai dafa-duka ce. Na kakkarya taliya ƙunshi biyu na tura ciki, na danna da ludayi, na rufe, na kunna. Na fita abina. Na yi aski, na sayo farantai da cokula masu yatsu, na biya ta wajen wani abokina na aro labule.

Da na dawo, tun daga matakala nake jin ƙamshi. Akwai nama a ciki, akwai tumatir, amma akwai wani abu kuma kamar ana dafa alewa. Zuciyata ta ce in leƙa. Na kai hannu, sai na tuna yatsan Madam Roza, na janye. A cikin duk abin da matar nan ta faɗa mini, wannan kaɗai na riƙe da gaskiya.

Bayan la'asar suka iso: Alhaji da babbar riga a ƙarƙashin kwat ɗin sanyi, matarsa Hajiya Dije, mace mai fara'a da son hira, sai Safiya a bayansu kanta a sunkuye. Aka gaisa. Alhaji ya bi ɗakin da kallo, ya ga darduma da buta, ya ga littattafai, ya gyaɗa kai. Na ga alamar abin yana tafiya daidai. Na ɗauko tukunyar da tsumma na ajiye a tsakiyar tebur. Da na buɗe kawai na zuba, da da sauƙi. Amma sai na tsaya na yi jawabi. Na ce wannan miya ce ta mutanen Italiya, sirrinta haƙuri ne, ba kowa ke iya ta ba, ni ma sai da na daɗe ina yi kafin hannuna ya faɗa. Alhaji ya ce, "Haka ne. Na sha cinta a can, lokacin da muke zuwa duba injina." Babu wanda ya taɓa gaya mini ya je Italiya.

Na ɗaga murfi.

Babu miya. Babu taliya. Wani abu ne guda ɗaya, dunƙulalle, launinsa tsakanin zoɓo da ƙasa, ya kama gefen tukunya ya yi baƙi-baƙi, samansa sumul yana sheƙi. Taliyar ta shanye ruwan kaf, ta narke, ta haɗe da naman. Na soka ludayi, na sake shi, ya tsaya ƙyam. Tunda babu hanyar komawa baya, sai na yanko da ƙyar na kife wa kowa a faranti. Ya sauka da siffar ludayin, ko motsi bai yi ba.

Hajiya Dije ta duba nata da kyau, ta ce da zuciya ɗaya, "Kai, tuwon ya tuƙu, masha Allah. Ina miyar?"

Na ce, "Hajiya, miyar tana ciki."

Ta ce, "Ciki ina?"

Safiya ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Alhaji ya ajiye cokali mai yatsu, ya ɗauki wuƙa, ya yanki 'yar lomar ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Can ya ce, "Akwai zaƙi." Na ce, "E, ranka ya daɗe, ta wancan yankin haka suke yi." (Har yanzu ban san yankin da nake nufi ba.)

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Madam Roza ce, ta sha ado, ta zo ganin yadda ɗalibinta ya yi. Ta gaisa da baƙi, ta leƙa tukunya, sai ta dafe ƙirji da hannu biyu. Ta yi wata doguwar magana da yarensu wadda na gode Allah babu mai ji. Sannan ta koma Turanci, da ƙarfi: "Me ka yi? Jiya-jiya na koya maka! Taliya daban ake dafawa, 'yan mintoci kawai! Na so in gaya maka ka ce ka sani!" Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. "Wannan wace irin giya ka zuba?"

Alhaji ya ajiye wuƙar a hankali. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Giya?"

Wallahi ban taɓa jin sanyi irin na lokacin ba. Hajiya ta ture farantinta tana salati. Safiya ta sauke gyale, babu sauran dariya a fuskarta. Na ga aure yana tashi a gabana, ga sunana zai isa Zariya a matsayin wanda ya ciyar da Alhaji giya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi tallahi babu! Ita ce ta ce a sa, ni ban sa ba!" Na ruga kicin, na zazzage kwandon shara a ƙasa, na tono kwalbar daga cikin ɓawon albasa, na kawo ta da hannu biyu kamar mai miƙa shaida a kotu. A jikinta ga hoton wani yaro yana murmushi da kofi a hannu.

Alhaji ya sa tabarau ya karanta, gaba da baya. Ya sunsuna. Ya miƙa wa Madam Roza. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Abin shan jarirai? A miyata?" Sai ta zauna a kujera ta fashe da dariya har da hawaye. Hajiya ta kama. Alhaji ya yi ta ƙoƙarin riƙe tasa, ƙarshe ya cire tabarau ya sa hannun riga yana share ido. Ni kaɗai ne a tsaye, da ɓawon albasa a gwiwar wando.

Madam Roza ce ta fitar da ni kunya. Ta ja Hajiya da Safiya suka sauka kicin ɗinta, ta dafa taliya da tumatir da tafarnuwa da man zaitun a gaban idonsu, Hajiya na duba kowace kwalba kafin a zuba. Kafin magariba an ci an ƙoshi. Ni ban iya cin komai ba.

Da na raka su tashar bas, Alhaji ya bari matan suka yi gaba, ya ce, "Ka taɓa dafa abin nan kafin yau?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." Ya ce, "Na sani tun daga jawabin." Muka ɗan taka. Ya ce, "Giyar da ka ƙi sawa alhali babu mai ganinka, irin halin nan na zo dubawa, ko da yake ban san ta wannan hanyar zan gani ba. Zan yi wa mahaifinta magana. Amma cika bakin nan ka rage shi, aure ba ya ɗaukarsa. Kuma don Allah ka bar mata kicin."

An ɗaura aure a shekarar da muka koma gida. Har Alhaji ya bar duniya, duk ranar da na je gaishe shi sai ya tambaye ni ko akwai sauran tuwon Italiya. Safiya kuwa ta koyi miyar sosai wajen Madam Roza kafin mu taho, ba giya ba abin shan yara, kuma idan tana yi ba a barina in wuce bakin ƙofa.

Abin da na koya bai da yawa. Idan ana koya maka abu, ka bari mai magana ya kai aya. Idan kuma har sai ka yi jawabi a kan girkinka, to ka fara leƙa tukunyar kai kaɗai tukuna.