Ranar da na kira surukata da sunanta a gaban tukunyar fure

Ba zan taɓa mantawa da sanyin da na shuka furen nan da Turawa ke kira fansi ba, ko da zan manta da sunan unguwarmu a Gusau.

Wata abokiyar aikina ce ta kawo mini irin daga Jos, 'yan ƙanana kamar riɗi. Na huda tsofaffin robobin fenti da ƙusa, na cika su da ƙasa da yashi da takin awaki da maigidana ya ɗauko mini daga Bunguɗu (har yau yana mitar warin da motarsa ta yi). Na yayyafa irin, na rufe da buhu, domin an ce sai a duhu yake tsira. Kullum sai na ɗaga buhun na leƙa kamar mai jiran tuwo ya nuna.

Da suka yi fure kuwa, sai murna ta juya mini kai. Kowane fure yana da baƙin tabo a tsakiya, sak fuskar mutum. Ni kuma da rashin aikin yi, sai na raɗa musu sunayen dangin mijina. Mai ruwan ɗorawa da gemu shi ne Kawu Sani. Wata shuɗiya mai ɗaure fuska kuwa na ba ta sunan mahaifiyar mijina da ke Tsafe, Inna, matar da ban taɓa furta sunanta na yanka ba tunda aka kawo ni gidan.

Wata Asabar ina tsugune a tsakar gida da butar ban ruwa, nishaɗi ya kwashe ni. Na miƙe na riƙe ƙugu na ce wa shuɗiyar, "Haba Kulu, saki fuskar mana. Miyar jiya ce ba ta yi miki ba? To sha ruwa, ki bar harara ta." Har da 'yar rawa.

Sai na ji gyaran murya a bayana.

Inna ce tsaye da jakarta, ta sauko daga motar Tsafe ba sanarwa. Ta ce ta yi sallama, ni ce ban ji ba. Butar ta suɓuce ta jiƙa mini zane. Na durƙusa zan gaishe ta, bakina ya ce, "Sannu da ruwa, Inna."

Ta sunkuya ta daɗe tana kallon furen, sannan ta ce, "Wagga ita ce ni?"

Na ce, "A'a Inna, wata Kulu ce, ta wurin aikinmu."

"To wanga mai gemu fa?"

Ta ƙara matsawa kusa, sai kafaɗunta suka fara rawa. "Sani ne," in ji ta. "Wallahi Sani ne."

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da za ta koma, robar Kawu Sani ta sa aka ɗora mata a mota, wai za ta kai masa ya ga kansa. Kafin sati, duk dangi sun bugo waya suna tambayar wane launi aka ba su.

Na dai koyi darasi: in za ki yi gulma da fure, ki fara saka sakata a ƙofa.