Kawuna Sau Goma Sha Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jera hotuna goma sha ɗaya a wata rumfar gyaɗa a kasuwar Roni ba, na ja gefe na harɗe hannu ina jiran yabo. Amma bari in faro muku daga tushe.

Tun ina makaranta nake zane. Da na gama, aiki bai samu ba, sai wata rana na ga wani a waya yana zaune a bakin titi yana zana fuskokin mutane cikin 'yan mintoci, ana biyansa nan take. Na ce ai wannan sana'ar ni take jira. A duk Kazaure ban san mai yin ta ba. Na sayi fensira da takarda mai kauri, kafinta ya yanka min allon ɗora takarda, na ari kujerun roba biyu a gida.

Matsalata sauri ce. Zanen da na saba yi yini yake ci, wanda ya zo kasuwa kuwa ba zai ba ka yini ba. Dole in sami wanda zai zauna in yi ta gwaji a kansa. Duk wanda na roƙa sai ya tuno yana da uzuri. Mutum ɗaya ne ya yarda: Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran agogo. Shi dama tun da waya ta kori agogo daga hannun mutane, zaman ya fi aikin yawa.

"Zana abinka, ɗana," ya ce. "Ni ba inda za ni."

Wata biyu cur ina zana Kawu. Da safe Kawu, da yamma Kawu. Daga minti arba'in na sauko ashirin, daga ashirin na sauko goma. Ranar da na kai biyar (shi da kansa ya riƙe min agogo, abin da ba a rasawa a teburinsa) saura kaɗan in taka rawa a bakin titi. Fuskarsa ba ta da wuyar ganewa: dogon karan hanci, 'yar ƙaramar haɓa, sai girar hagu da ta ɗage sama ta ƙi saukowa, saboda shekarun da ya yi yana maƙala gilashin duba cikin agogo a idon nan. Kullum kamar an faɗa masa farashin da bai yarda da shi ba.

Sai talla. A nan ne na fi jin kaina. Na rubuta a babban kwali: FUSKARKA SAK, CIKIN MINTI BIYAR. Na naɗi wannan magana da muryata a 'yar lasifika mai caji, irin ta masu tallan magani, sau tara ina sakewa kafin na gamsu. Na zana mai shayin tasha kyauta, da sharaɗin ya rataye a inda kowa zai gani. Na zana wani ɗan acaɓa mai surutu, don na san kafin la'asar rabin gari ya ji. Daga nan na shiga bin kasuwanni, Gwiwa, Babura, Roni, kayana ɗaure a bayan babur.

Abin kuwa ya karɓu. Mutum zai zauna ya gyara hula ya daina numfashi, abokansa su taru a bayana suna leƙe. Nan da nan na gano abin da suke fara dubawa. In ka fitar da hula da zanenta, ka sa tabarau, ka bi aikin wuyan riga, ka ba gemu haƙƙinsa, to ka gama. "Wallahi shi ne," in ji na baya. Mai hoto ya nannaɗe abinsa ya nufi ƙauyensu yana murmushi. Ni ma in koma gida ina lissafin shekarar da zan buɗe shago mai ƙofar gilashi.

Abu ɗaya ne ya dame ni: rana. Ba ni da rumfa, duk inda na kafa kujeru sai wani ya zo ya ce wurinsa ne. Shi ya sa ranar da Alhaji Idi, shugaban masu sayar da gyaɗa a kasuwar Roni, ya aiko kirana, da gudu na je.

"Mai zane," ya ce, "mu goma sha ɗaya ne a rumfar nan. Ka zana kowa, mu jera a bango. In abin ya yi kyau, ga gefen rumfa nan, ka riƙa zama duk ranar kasuwa. Inuwa ce, kuma ba mai tashinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Ranar na sa kaftanina na Juma'a. Maza goma ne, sai Hajiya Laure mai man gyaɗa, wadda ita ce ma'ajinsu. Don in burge, sai na ƙirƙiro wata dabara (ba wanda ya sa ni, ni na sa kaina): duk hoton da na gama sai in kife shi, ba mai gani sai an kammala, a buɗe gaba ɗaya. Cikin awa guda na gama da kowa. Na kore su gefe, na manna hotunan a jikin tabarmar da aka rataya, na rufe da mayafin aro. Lasifikata na ta aikinta, mutane suka taru har bakin hanya. Sannan na yaye mayafin.

Kowa ya ƙura wa hotunan ido. Ni a zatona mamaki ne ya kama su.

Wani dattijon Bafulatani da ya zo sayen harawa ya matso, sandarsa a kafaɗa. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, a natse, sannan ya juyo gare ni.

"Yaro, kai ɗan Kazaure ne?"

"E, Baffa."

"Sale mai agogo, me ye naka?"

"Kawuna ne."

"Na ce." Ya ɗaga sanda yana nunawa. "Shekara ashirin yana gyara min agogo. Ga shi nan da doguwar hula. Ga shi da rawani. Nan ya tara gemu. Nan ya sa tabarau. Wannan na ƙarshe ma hijabi ya sa."

Sai a lokacin na duba da idon gaskiya. Dogon hanci goma sha ɗaya. Ƙaramar haɓa goma sha ɗaya. Girar hagu goma sha ɗaya, duk a ɗage, duk suna kallona kamar ba su yarda da farashi ba. Wata biyu na yi ina koya wa hannuna fuska ɗaya, shi kuwa ya riƙe ta da amana. A bayana muryata na ci gaba da shelar fuskarka sak, cikin natsuwa, kamar ba abin da ya faru.

Hajiya Laure ce ta fara fashewa. "Alhaji, ashe uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shekara da shekaru ba a gaya mana ba."

"Ke kin ma fi mu kama da shi," in ji wani daga baya.

Dariya ta tashi har masu awon gero na rumfar gaba suka bar mudu suka zo. Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ai salon zane ne." (Har yau in na tuna wannan maganar sai na runtse ido.)

"Salon ya fito," in ji Alhaji Idi. "Mu ne ba mu fito ba."

Na fara ɓare hotunan ina tunanin ta wace hanya zan bar Roni ba tare da na bi ta tasha ba. Inuwa kam na sallama ta. Sai na ji Alhaji ya ja kujerar roba ya zauna.

"Kashe abin surutun nan. Ɗauko takarda. Ɗazu sau biyu ka ɗago ka dube ni, duk biyun hulata ka duba. Yanzu ni za ka kalla."

Na ɗago na dube shi, na fara. Ashe hancinsa faffaɗa ne. Ashe akwai tabo a kumatunsa na dama, idanunsa kuma ƙanana ne masu dariya. Sau uku girar hagu tana neman tashi ina danne ta. Na fi rabin awa, zufa ta jiƙa kaftanin, ba wanda ya matsa daga wurin. Da na gama, Hajiya ta karɓa ta nisanta shi da idonta, ta dubi takarda, ta dubi mutum.

"Wannan Alhaji ne," ta ce. "Har rowar ta fito."

Haka na sami gefen rumfa, bisa sharaɗin in sake sauran goman kyauta, ɗaya a kowace ranar kasuwa. Sharaɗi na biyu ba a faɗa ba, amma an cika shi: har gobe ba mai kirana mai zane a Roni, sai Ɗan Kawu.

Abin da na koya bai da yawa. In ka matsa wa hannu ya yi gudu, abin da ya haddace zai ba ka, mutumin da ke gabanka kuwa sai ka ɗago ka dube shi. Abin da ban san yadda zan gyara ba shi ne na baya. In kun shiga wani zaure a Gwiwa ko Babura kuka ga hoton maigida a bango ya ɗage gira ɗaya, don Allah ku ce ya yi kyau, ku wuce.