Gyaran Minti Ashirin

Ranar Asabar da hantsi kwamfutar surukin Injiniya ta ƙi tashi. Ana kunna ta sai ta nuna baƙin allo da layi ɗaya na Turanci, ta ƙame.

"Minti ashirin," in ji Injiniya yana naɗe hannun riga. "A na ashirin da ɗaya shayi zan sha. Baba, ni ko gawar kwamfuta aka kawo min sai ta tashi ta gaishe ni."

Aboki, kada sunan ya ruɗe ka. Mai jera fayil ne a wani ofis. Ranar da ya zaro takardar da ta maƙale a firinta ya raɗa wa kansa Injiniya. Irinmu ne, masu kallon bidiyo biyu a waya mu tashi da digiri.

Surukin, tsohon malamin makaranta, shekara tara ke nan yana rubuta tarihin zuri'arsu a kwamfutar nan, shafi ɗari huɗu.

"Ni dai littafina," ya ce.

"Akwai kwafi a wani wuri?"

"Akwai a filashi. Jiya ma na sabunta shi."

"To ka kwantar da hankalinka!"

Tsohon ya tafi neman tabaraunsa, Injiniya ya zaunar da matarsa ya karantar da ita. Filashin ceto za a haɗa: a sauko da manhaja a kwamfuta mai lafiya, a zuba a filashi, a soka wa mai ciwo, ta tashi daga jikinsa maimakon daga cikinta. Ya ari kwamfutar matar. Saura filashi. Da ya leƙa ƙarƙashin tebur sai ga wani ɗan shuɗi soke a bayan mara lafiyar.

"Ikon Allah! Majinyaciya ta zo da allurarta."

Ya zare, ya soka a ta matar. Gargaɗi ya fito.

"Baban yara," ta ce tana karantawa ta bayan kafaɗarsa, "cewa ta yi duk abin da ke ciki zai goge."

"Haka suke faɗa don tsorata 'yan koyo."

Ya danna. Awa guda ta wuce. Ya mayar da filashin jikin kwamfutar tsohon, ya hau dukan maɓallai kamar mai kashe kyankyasai har ta amsa. Ta ba shi zaɓi biyu: a gyara abin da ke nan, ko a share komai a zuba sabo.

"Faci aikin matsorata ne," ya ce. "Tunda akwai kwafi, wanka za a yi mata."

Bayan azahar ta tashi fes, babu ko harafi a cikinta. Injiniya ya zare filashin, ya miƙe ƙafa.

"Baba, kawo kwafin nan mu mayar."

Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya laluba bayan kwamfutar.

"Nan na bar shi jiya. Shuɗi ne, da ɗan jan zare a wuya."

Injiniya ya buɗe tafin hannunsa a hankali. Zaren ja ne.

Ranar Litinin su uku suka je shagon mai gyara. Mutumin ya saurari labarin, ya duba kwamfuta, ya duba filashi, ya girgiza kai. Duka biyun an rubuta sabon abu a kansu, babu abin cetowa.

"Lafiyarta ƙalau tun farko," ya ce. "An manta filashi a jikinta, shi ya sa take ta neman tashi daga gare shi. Zare shi kawai za a yi."

"Ai na zare," in ji Injiniya da muryar da ba tasa ba.

"Ka zare. Da a nan ka tsaya, da ka ci sunanka."

Suka koma gida. Tsohon ya shiga ɗaki ya jawo kwali, ya dire gaban mijin 'yarsa: asalin tarihin ne a littattafan rubutu ashirin da uku, cike da ƙananan rubutun hannu da gyare-gyaren jan biro. Injiniya, wanda da yatsa biyu yake buga rubutu, ya buɗe na farko.

"Ni shekara tara ta ɗauke ni," in ji tsohon cikin ladabi. "Kai da kake da sauri fa?"

Matar, da ta shigo da kofin shayi, ta dubi kwalin, ta dubi agogo, ta juya da shi kicin.